Launin Tsohuwar Monita Ya Canza? Ga Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Tambayar nan ta sha zuwa mini ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce farin allonsa ya koma rawaya kamar takardar da ta shekara goma a akwati. Wata ta ce tana kunna kwamfuta sai komai ya rine ya zama ruwan hoda. Wani kuma kusurwa ɗaya ce tak ta yi shunayya, sauran allon lafiya lau. Kusan dukkansu da jimla ɗaya suke rufewa: "Monitar ta mutu ke nan, in nemi sabuwa?"

Kada ka yi gaggawar yanke mata hukunci. Kafin hoto ya iso idonka, wurare huɗu yake ratsawa: saitin da ke cikin kwamfuta, katin hoto (sashen kwamfuta da ke tura hoto zuwa allo), kebul, sannan ita monitar. Kowanne cikinsu na iya ɓata launi, kuma sau da yawa gyaran ba ya cin ko sisi. Aikinmu a nan shi ne mu riƙa wanke su ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya rage shi kaɗai. Sharaɗi guda nake roƙo ka riƙe: abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka duba sakamako, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya sauya kebul, ya taɓa saiti, ya sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da katin hoto) duk a zama ɗaya, ko launin ya dawo bai san me ya gyara shi ba, ranar da ya sake ɓaci kuma daga farko zai soma.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: kebul na biyu wanda ka tabbatar yana aiki (ko na aro ne), wata kwamfutar ko laftof, farar takarda, tocilan, ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, da wayar hannu don ɗaukar hoto.

1. Kalli launin da idon basira

Kunna monita ka bar ta kamar minti 30 ta ɗumama, domin tsofaffin fitilu ba sa ba da haskensu na gaskiya nan take. Amma ka lura da yadda take a mintin farko, za mu buƙaci wannan bayanin a gaba. Buɗe shafi fari fat ya cika allon, ka kara farar takarda a gefe. Abu uku za ka rubuta: wane launi ne ya rinjayi farin, duk allon ya shafa ko wani yanki ne, kuma a tsaye yake ko yana zuwa yana tafiya.

Akwai sirri ɗaya da in ka riƙe shi rabin aikin ya ƙare. Farin da kake gani a allo haɗin launi uku ne: ja, kore da shuɗi. In ɗaya ya ɓace, biyun da suka rage su ne za su nuna kansu. Shuɗi ya ɓace, allo zai yi rawaya. Kore ya ɓace, zai yi ruwan hoda mai ratsin shunayya. Ja ya ɓace, zai yi shuɗi mai ratsin kore. Ke nan launin da ya dame ka shi ke gaya maka wanda ya ɓata.

Kafin ka bar wannan matakin, kashe monitar ka goge fuskarta. Ƙura da hayaƙin sigari na shekaru suna yin wani yanayi mai rawaya a kan gilashi, har mutum ya zaci lalacewa ce.

*Gargaɗi:* kada ka fesa ruwa kai tsaye a kan allo, yakan gangara ya shige ta ƙasan firam ya taɓa sassan lantarki. Ɗan jiƙa ƙyallen kawai. Ka guji ruwan goge taga da na goge farce, suna cinye rufin da ke saman allon, kuma tabonsu ba ya fita.

2. Tambayi monitar ita kaɗai

Wannan gwajin minti ɗaya ne, amma shi ne mafi amfani a duk jerin. Cire kebul ɗin hoto daga bayan monita, ka bar mata na wuta kawai. Yawancinsu za su nuna ɗan akwati mai cewa babu sigina, wasu har da ratsin ja, kore, shuɗi da fari. Danna maɓallin menu da ke jikinta in tana yarda ya buɗe babu sigina. In ba ta yarda, mayar da kebul ɗin sannan ka buɗe shi.

Akwatin nan da menu ɗin, monitar ce ke zana su da kanta, kwamfuta ba ta da hannu a ciki. In farin rubutun menu ya fito fes alhali hoton da ke bayansa a rine yake, to gilashin da fitilarsa lafiyarsu ƙalau, laifin na wajen kebul ne, ko mashigarsa, ko kwamfuta. In kuwa shi ma menu ɗin ya rine, matsalar na cikin monita. Wasu kamfanoni, irin su Dell, suna saka gwajin kai a cikin monitocinsu wanda ke nuna launuka ɗaya bayan ɗaya. Littafin samfurinka zai nuna maka maɓallin da ake dannawa.

3. Mayar da saitin monita yadda ya zo

Tunda kana cikin menu, ɗauki hoton saitin da ke nan da wayarka, sannan ka nemi inda aka rubuta Reset ko Factory Reset ka danna. Maɓallan jikin monita ƙanana ne, mai goge tebur ko yaro na iya dagula su ba tare da kowa ya sani ba.

Daga nan duba sashen launi. In ka ga lambobi, 6500K shi ne farin da aka saba aiki da shi. 9300K yana jan hoto zuwa shuɗi, 5000K kuma zuwa rawaya. Wasu monitocin ba lamba suke rubutawa ba, Warm da Cool da Normal za ka gani. Zaɓi Normal ko sRGB. In akwai yanayin karatu ko na rage shuɗin haske, kashe shi, domin aikinsa ke nan ya mayar da allo rawaya.

4. Kebul da bakinsa

A nan zan ɗan daɗe, don a tsofaffin monitoci nan ne gizo ya fi yin saƙa.

In kebul ɗinka mai shuɗin kai ne da kusoshi biyu na murɗawa a gefe, VGA ke nan. Yana da gurbin allurai 15 a layi uku, kuma kowane launi da tasa hanyar yake bi: allura ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Riƙe kan kebul ɗin allurai suna kallonka, faffaɗan gefen a sama. Ukun farko daga hagu a layin sama su ne waɗannan. Ɗaya daga ciki ta lanƙwashe, ko ta nutse ciki, ko ta yi tsatsa, launinta ya tafi gaba ɗaya. Haɗa wannan da abin da ka rubuta a mataki na farko: allo rawaya, duba ta 3, ruwan hoda, duba ta 2.

Na taɓa zama da wata monita wata biyu tana nuna mini komai ruwan hoda, har wani mai gyara ya ce mini gilashin ne ya tafi. Ranar da zan ɗauke ta daga tebur na haska bakin kebul ɗin da tocila, sai ga allura ta biyu kwance a jikin ta uku, ba ta taɓa shiga raminta ba tun ranar da aka matsar da teburin. Da bakin biro marar ruwa na miƙar da ita a hankali, na mayar, fari ya dawo fari. Tun daga lokacin ba na yarda a ce mini monita ta mutu sai na ga bakin kebul da idona.

Ga yadda za ka bi:

Kashe kwamfuta da monita. Kwance kebul ɗin ta kai biyun, ka haska kowanne. Kada hankalinka ya tashi in ka ga gurbi ɗaya babu allura a layin tsakiya. Kebul da yawa haka suke fitowa daga masana'anta, babu ta 9. Hure ƙura daga ramukan, ka mayar da shi daidai wa daida, ka murɗa kusoshin biyu da yatsa har su kama. Kunna, sannan ka riƙa motsa kebul ɗin a hankali kusa da kowane kai kana kallon allo. In launi ya yi tsalle ya dawo, wayar ciki ta karye a wurin, galibi a wuyan da ake yawan lanƙwasawa. Irin wannan ba a ɗaure shi da salatif, canza shi ake yi.

*Gargaɗi:* allurar da ta lanƙwashe sau ɗaya ake miƙar da ita. Ka yi ta kai da kawowa da ita, karyewa za ta yi, in kuma ta karye a cikin ramin monita, ka sayi babban aiki. Kada kuma ka sa sukundireba ka ɗaure kusoshin da ƙarfi, yakan tsinke dalmar da ta riƙe mashigar a jikin allon lantarki.

HDMI da DisplayPort da DVI halinsu daban. Da yake lambobi suke ɗauka, in sun lalace ba kasafai launi ɗaya ke ɓacewa ba. Sai dai ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar tartsatsi, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Amma HDMI na iya rina allo kore ko ruwan hoda idan kwamfuta da monita suka saɓa kan tsarin launin da za su yi magana da shi. Maganin wannan na mataki na gaba. In kana amfani da adafta, misali mai juya HDMI zuwa VGA, saka shi cikin waɗanda ake zargi, masu arha suna yawan yin haka.

Ko ba ka ga komai da ido ba, gwada kebul na biyu. In monitar na da wata mashigar, gwada ta ita ma. Tsohuwar monita da mashigarta ta VGA ta gaji tana iya ƙara shekaru tana aiki ta DVI.

5. Saitin cikin kwamfuta

Sake kunna kwamfutar ka zuba ido kan tambarin kamfani da ke fitowa da farko, ko ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke buɗewa kafin Windows, galibi da F2 ko Delete. In launi daidai yake a nan, sai bayan Windows ya buɗe ya canza, to ba kebul ba ne, ba monita ba ce, manhaja ce.

Fara da Night light, a Windows 10 da 11 yana cikin Settings, System, Display. An yi shi ne ya rage shuɗi da dare, kuma mutane da yawa sun kunna shi bisa kuskure sun manta. Alamarsa ita ce allo ya yi ruwan goro da faɗuwar rana, da safe ya warware. A kwamfutar Apple sunansa Night Shift. In an taɓa saka manhajar f.lux, ita ma aikinta ke nan. Sai ka leƙa Color filters a sashen Accessibility (a Windows 10 sunansa Ease of Access). In an ba shi izini, danna Windows da Ctrl da C tare kan kunna shi, allo ya koma baƙi da fari ko launuka su juye.

In ba su ba ne, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Allo zai ƙifta, direban hoto ya farfaɗo. Sannan buɗe manhajar katin hotonka, ta NVIDIA ko AMD ko Intel, ka mayar da saitin launi na asali. A can ne kuma za ka ga zaɓi tsakanin tsarin launi biyu, RGB da YCbCr: ga monita, zaɓi RGB. Kusa da shi akwai Full da Limited. Limited yana taƙaita haske tsakanin 16 da 235 maimakon 0 zuwa 255, shi ya sa baƙi ke komawa toka-toka, hoto ya yi kamar ya koɗe. Zaɓi Full. Abu na ƙarshe, danna Windows da R ka rubuta colorcpl, in ka tarar da wani bayanin launi da aka liƙa wa monitar wanda ba ka san da shi ba, cire shi ka sake kunnawa.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne dogara da hoton allo. Mutum ya danna Print Screen, ya tura hoton wayarsa, ya ga launi daidai, sai ya ce lallai monita ce. Ba lallai ba ne, domin Night light ba ya fitowa a irin wannan hoton. Gwajin ta fuska ɗaya yake da ƙarfi: in ɓacin ya fito a hoton da ka tura waya, monita da kebul sun kuɓuta.

6. Yi musaya

Haɗa monitar da wata kwamfutar da kebul mai kyau. Launin ya biyo ta, laifinta ne. Ya gyaru, koma kan kwamfutarka: in tana da katin hoto na daban, kashe ta, cire fulogi, zare katin ka hure ƙurarsa ka mayar. Katin da zafi ya dafa yakan fitar da ratsi-ratsi da murabba'ai masu launi, musamman idan aiki ya yi nauyi.

Masu laftof, ku naku gwajin biyu ne. Haɗa ta da talabijin ko wata monita, ka danna Windows da P ka zaɓi Duplicate. In na waje ya fito daidai, matsalar na allon laftof ɗin ne ko siririn kebul ɗin da ya bi ta cikin mahaɗar murfi. Sai ka riƙa buɗe murfin kana rufewa a hankali. In launi na canzawa da motsin, wannan kebul ɗin ne ya gaji, kuma canza shi ya fi canza allo sauƙi nesa ba kusa ba.

7. In laifin na monitar ne, karanta alamominta

Duba takardar da ke manne a bayanta, akwai shekarar da aka ƙera ta. Faffaɗan monitocin da aka yi kafin wajen 2010, yawancinsu da siraran fitilun tsinke ake haska su daga ciki, waɗanda ake kira CCFL. Idan suka tsufa, alamarsu ba ta ɓuya: kana kunnawa allo ya yi ja-ja ko ruwan hoda, bayan ɗan lokaci ya washe, kuma kullum lokacin washewar na ƙara tsawo. Wani lokacin gefe ɗaya ne ke yi, sama ko ƙasa, inda fitilar da ta gaji take. Ƙarshenta hoto zai riƙa fitowa na daƙiƙa biyu ya ɗauke. In ta kai nan, haska tocila a jikin gilashin daga gefe. In kana hango inuwar hoto, gilashin na raye, haske ne ya mutu.

Na baya-bayan nan masu fitilun LED su ma suna tsufa. Farin haskensu daga shuɗiyar fitila yake fitowa wadda aka lulluɓe da wani sinadari mai rawaya. Idan lulluɓin ya ƙone, sai ka ga dabbare-dabbaren shuɗi ko shunayya, sau da yawa a gefe-gefe. Rawayar da ta mamaye ko'ina a hankali cikin shekaru kuwa, yawanci ledojin da ke baza haske a bayan gilashi ne zafi ya rina.

In launuka sun juye kamar negatif ɗin hoto, fuskoki sun yi dabbare, zargi ƙaramin allon lantarki da ke sarrafa gilashin, masu gyara na ce masa T-con. In monitar na jinkirin kamawa, haske na rawa, ko tana wani siririn kuka, galibi kafasitocin sashen wuta ne, wato ƙananan sassan da ke tara caji, suka kumbura. Tabo guda da ba ya motsi, fari-fari ko baƙi-baƙi, sawun dannawa ne ko buguwa, wannan ba shi da magani. Haka layin da ya miƙe daga sama har ƙasa yana nan ko a menu.

*Gargaɗi:* kada ka buɗe bayan monita in ba sana'arka ba ce. Babban kafasitan sashen wuta an gina shi ne don ɗaukar bolt 400 zuwa 450, kuma yana iya riƙe caji bayan an cire fulogi. Sashen da ke kunna fitilun CCFL ma ɗaruruwan bolt yake fitarwa.

Saura masu tsohuwar monita mai ƙeya, wadda ake kira CRT. Ita dabbaren launi a kusurwa kusan kullum aikin maganaɗisu ne. Nisantar da lasifika, fanka ko taransifoma daga kusa da ita, sannan ka nemi Degauss a menu. Za ka ji ƙara "ɗum", hoto ya girgiza, tabon ya baje. In bai fita duka ba, jira kamar minti 20 ka maimaita. In kuma launi ɗaya ke ɓacewa yana dawowa idan an ɗan bubbuga gefenta, dalma ce ta tsage a ciki, aikin mai gyara ne.

*Gargaɗi mai ƙarfi:* kada ka ɗauko maganaɗisu ka ce za ka ja tabon da shi, garin neman gira za ka rasa ido. Cikin CRT kuma akwai wutar da ta haura bolt 20,000 lokacin aiki, tana kuma riƙe caji bayan an kashe. Ba abin da za ka nema a ciki.

8. Lallaɓa ta in canjin kaɗan ne

Monitar da tsufa kawai ya sa farinta ya karkata, ana iya ci gaba da aiki da ita. Shiga sashen launi a menu ka zaɓi User ko Custom, za ka ga ma'auni uku: R (ja), G (kore) da B (shuɗi). Dabarar ita ce ka rage wanda ya yi yawa, kada ka ƙara wanda ya gaza, tunda galibi ya riga ya kai ƙarshensa. Allo rawaya, rage R da G da maki biyu ko uku, ka dubi farar takardarka a hasken rana, ka sake. Ruwan hoda, rage R da B. Hasken zai ɗan ragu, wannan shi ne ladan gyaran. A Windows, rubuta dccw a akwatin Windows da R zai buɗe maka jagoran daidaita launi mai irin waɗannan ma'aunai.

Kada ka mayar da martani da ƙure haske zuwa 100, hakan na ƙara gaggauta mutuwar fitilar da ta riga ta gaji. Kuma in aikinka gyaran hoto ne ko shirya abin da za a buga, wannan lallaɓawar ba za ta wadatar da kai ba, abin da kake gani a allo ba shi zai fito a takarda ba.

9. Gyara ko canji

Jera kuɗin daga ƙasa zuwa sama. Saiti kyauta ne. Kebul da adafta su ne mafi arha. Canza kafasitoci ko sake dalmar mashiga, kayan ba su da tsada, ladan hannu ne kawai, kuma a ganina gyara ne da ya cancanta. T-con ko allon wuta ya danganta da samun irinsa. Canza fitilun ciki aiki ne mai wuya, sai an ware gilashin falle-falle, ƙura ta shiga ko gilashi ya tsage. Shi kuwa gilashin kansa shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin monita, ba na ba kowa shawarar canza shi a tsohuwa. Ma'aunina shi ne, in gyara zai haura rabin kuɗin wata mai irin girmanta, a haƙura.

Idan za ka kai wa mai gyara, tafi da bayananka: launin da ka gani, ko menu ya rine, ko ka gwada wani kebul da wata kwamfuta, da hoton allon a mintin farko bayan kunnawa. Ka nemi ya faɗa maka sashen da zai canza da kuɗinsa kafin ya fara, ya kuma ajiye maka tsohon da ya cire. Ranar karɓa, a kunna ta a gabanka da farin shafi, a bar ta ta yi minti 30, domin wasu matsalolin sai ta ɗauki zafi suke dawowa.

In ka yanke shawarar rabuwa da ita, kada ka fasa ta, kada ka ƙona ta, kada ka bar wa yara su yi wasa da ita. Fitilun CCFL na ɗauke da sinadarin makuri mai guba, gilashin CRT kuma akwai dalma mai yawa a jikinsa. Miƙa ta ga masu karɓar tsofaffin kayan lantarki, ko ga mai gyaran da zai amfana da sassanta, ka riƙe kebul ɗin wuta da na hoto in lafiyayyu ne, za su yi maka amfani a gwaji na gaba.